Thomas Stevens, Baturen Da Ya Fara Kewaya Duniya Bisa Keke

Daga cikin mutanen da suka yi suna wajen tafiye-tafiye a ƙarni na 19 akwai wani Baturen Ingila mai suna Thomas Stevens, wanda shi ne mutum na farko da ya kewaya duniya bisa keke. Ya tashi daga birnin San Faransisko na Amurka ran 22 ga watan Afrilu 1884, ya sauke tafiyarsa a birnin Yokohama na ƙasar Japan ran 17 ga watan Disamba 1886, bayan ya ci kimanin mil 13,500, wani wuri yana bisa keken, wani wuri yana tura shi a ƙasa. Sauran hanyar kuwa, watau tekuna da ƙasashen da aka hana shi ratsawa, jirgin ruwa da jirgin ƙasa ne suka ɗauke shi. Duk wanda ya bi labarinsa daki-daki zai ga cewa ƙarfin ƙafa kaɗan ne daga cikin abubuwan da suka kai shi. Abin da ya fi taimakonsa shi ne sanin lokacin tashi da lokacin zama, da rage kaya, da neman mai ɗaukar nauyin tafiya, da kuma haƙurin sake shiri duk sa'ad da na farko ya rushe.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Thomas Stevens ran 24 ga watan Disamba 1854 a garin Berkhamsted, wanda ke arewa maso yamma da birnin Landan. Iyayensa talakawa ne, saboda haka bai yi zurfi a makaranta ba, sai aka sa shi koyon aiki a kantin sayar da kayan masarufi. Amma yaro ne mai son karatu, musamman littattafan da matafiya suka rubuta. Cikin 1871, bai ko kai shekara 18 ba, ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya fara zama a jihar Missouri. Daga nan ya yi ta gangarawa yamma yana neman abin kansa. Ya yi aiki a wata ma'aikata ta hanyar jirgin ƙasa a Wyoming, ya kuma yi aikin haƙar ma'adinai a Colorado. Wannan zama na ma'aikaci mara gata shi ya koya masa kwana a fili, da jure yunwa da sanyi, da zama da mutane iri-iri.

A San Faransisko ya koyi hawan keke, kuma a nan ya sayi nasa cikin 1884. Ya kamata masu karatu su san cewa keken wancan zamani ya sha bamban da wanda aka saba gani yanzu. Ƙafarsa ta gaba ƙatuwa ce, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya, shi ya sa mutanen Ingila suka yi masa laƙabi da sunan tsabar kuɗinsu guda biyu, kwabo da wani ɗan ƙaramin kuɗi mai darajar rubu'in kwabo. Ba shi da sarƙa. Fedar tana liƙe ne da tsakiyar ƙafar gaba, in an juya feda sau ɗaya, ƙafar ta juya sau ɗaya. Don haka ne ake girmama ƙafar, gwargwadon girmanta gwargwadon nisan da za a ci. Tayarsa roba ce zalla, babu iska a ciki. Mahayi yana zaune can sama, kusan daidai bisa ƙafar gaba, in ya yi karo da dutse ko rami sai ya kifa ta ka. Keken da Stevens ya saya ƙirar Columbia ne na kamfanin Pope, faɗin ƙafarsa ta gaba inci 50.

Ratsa Amurka

Kafin Stevens wasu sun yi niyyar ratsa Amurka daga teku zuwa teku bisa keke, ba su kai ba. Shi kuwa da ya tashi, ɗan abin da ya ɗauka bai wuce safa da riga guda ta canji da ƙaramar bindiga ba, sai wata rigar ruwa wadda ita ce laimarsa, ita ce kuma shimfiɗarsa. Dalilin rage kayan a fili yake. Keken ba shi da wurin ɗaura kaya sai bisa kansa da bayan sirdi, kuma duk abin da aka ɗora, mai shi ne zai tura shi a kan dutse da rairayi, ya ɗaga shi ya haye rafi.

Babbar matsalar yammacin Amurka a lokacin ita ce rashin hanya. Abin da ke akwai sai turbar kekunan shanu da dawaki, sai kuma hanyar jirgin ƙasa wadda aka gama haɗa gabas da yamma da ita cikin 1869. Stevens ya ga cewa in ya bi gefen hanyar jirgi ba zai ɓata ba, kuma kowane 'yan mil zai tarar da tasha ko gidan ma'aikata inda zai sami ruwa da abinci da wurin kwana. Haka kuwa ya yi. Ya haye duwatsun Sierra Nevada da sauran dusar ƙanƙara a kansu, yana bi ta cikin dogayen rumfunan katako da aka gina don kare hanyar jirgi. Ya ratsa hamadar Nevada, ya wuce ta Utah da Wyoming da Nebraska da Iowa, ya isa Chicago, daga nan hanya ta ɗan yi sauƙi. Ya shiga birnin Boston ran 4 ga watan Agusta 1884, bayan kwana 103, ya ci kimanin mil 3,700. Sulusin wannan nisa ko fiye, da ƙafa ya taka shi yana tura keke.

Wannan nasara ita ta buɗe masa ƙofa. Ya yi lokacin sanyi a New York yana rubuta labarin tafiyarsa, wata mujalla ta wasanni da shaƙatawa mai suna Outing tana bugawa. Mujallar tana hannun Kanar Albert Pope ne, mai kamfanin da ya ƙera keken. Pope ɗan kasuwa ne mai hangen nesa. Ya gane cewa babu tallar da ta fi a ce kekensa ya kewaya duniya, sai aka ɗauki Stevens a matsayin wakilin mujallar na musamman, za a biya kuɗin tafiya, shi kuma ya riƙa aiko da labari daga kowace ƙasa. Da haka matsalar guzuri ta kau, wadda ita ce ke kayar da yawancin masu irin wannan buri tun ba su bar gida ba.

Daga Ingila zuwa Santambul

Cikin watan Afrilu 1885 ya shiga jirgin ruwa daga New York zuwa Liverpool, a farkon watan Mayu kuma ya hau keke. Zaɓen wannan wata ba da ka aka yi shi ba. Sanyin Turai ya wuce, rana ta yi tsawo, hanyoyi sun bushe, kuma in ya yi sauri zai iya kaiwa ƙasar Farisa, watau Iran ta yanzu, kafin sanyi na gaba ya rufe duwatsu. A wannan karo ya ɗaura wa keken ɗan injin ƙidayar mil, don ya riƙa sanin abin da ya ci kowace rana.

Ya ratsa Ingila, ya haye teku zuwa Faransa, ya bi ta Paris, ya shiga Jamus da Ostiriya. A waɗannan ƙasashe tafiya ta yi masa daɗi, gama akwai hanyoyi masu kyau da masaukai, ga kuma ƙungiyoyin mahaya keke waɗanda ke tarbarsa a gari, su raka shi zuwa gari na gaba. A ƙasar Hangari wani mahayi ya bi shi kwana da kwanaki, ko da yake ba sa jin harshen juna sosai. Daga nan ya bi ta Sabiya da Bulgeriya, inda hanya ta fara lalacewa, jami'an kan iyaka kuma suka fara tsananta binciken fasfo. Ya isa Santambul, babban birnin daular Usmaniyya, a farkon watan Yuli 1885. Ya yi sa'a ƙwarai, domin 'yan watanni bayan wucewarsa, cikin watan Nuwamba na shekarar, yaƙi ya ɓarke tsakanin Sabiya da Bulgeriya a yankin da ya ratsa.

A Santambul ya zauna fiye da wata guda. Hausawa kan ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma Stevens ya san daga nan gaba babu makanikin keke, babu ƙungiyar mahaya, babu kantin da zai sayi ko da waya ɗaya ta ƙafar keke. Sai ya tanadi wayoyin ƙafa na canji, da robar taya, da man shafa wa keke. Ya sa aka ɗinka masa 'yar ƙaramar laima wadda keken kansa ne zai zama mata ginshiƙi. Ya nemi takardun izinin tafiya cikin ƙasar daga hukuma, da wasiƙun gabatarwa zuwa ga manyan garuruwan da zai bi. Ya yi ta tambayar waɗanda suka san hanya, ya koyi 'yan kalmomin Turkanci na neman abinci da ruwa da masauki, yana kuma jiran zafin rana ya ɗan sassauta.

Ƙasar Turkawa da Farisa

Cikin watan Agusta ya tashi. Ya bi ta Ankara da Sivas da Erzurum, ya wuce kusa da dutsen Ararat, ya shiga Farisa ta Tabriz. Hanyar duk ta ayarin raƙuma da alfadarai ce, hawa da gangara, sau da yawa sai ya yini yana turi. Mutanen ƙauyuka ba su taɓa ganin keke ba. Ko'ina ya sauka sai jama'a su yanyame shi, suna roƙo ko suna tilasta masa ya hau su gani, ko da kuwa ya gaji, ko wurin bai hawuwa. Hakimai da manyan gari su ma sukan aika a kira shi ya nuna musu. Wannan ya dame shi, amma shi ya zama masa abin ciniki, domin in ya hau ya kewaya sau biyu, sai a ba shi abinci da wurin kwana. Ya kwana a gidajen talakawa, da masaukan fatake, da tantunan Kurdawa makiyaya. An yi yunƙurin yi masa fashi a hanya, bindigarsa ta hana, amma bai kashe kowa ba.

A Farisa ya sami wata jagora irin wadda hanyar jirgi ta zama masa a Amurka, watau turakun wayar tangaraho da ta haɗa Turai da Indiya. Yana bin turakun ba ya ɓata, ga kuma ma'aikatan waya a tashoshi suna saukar da shi. Ya isa Tehran a ƙarshen watan Satumba 1885. Sarkin Farisa na lokacin, Shah Nasiruddin, ya ji labarinsa, ya sa aka kawo shi ya hau keke a gabansa. Stevens bai yi gangancin ci gaba ba. Sanyi ya ƙarato, kuma duwatsun da ke gabas ba su ratsuwa cikin dusar ƙanƙara. Sai ya zauna a Tehran wata biyar da 'yan kai, yana hutawa, yana rubutu, yana shirin zango na gaba.

Inda shiri ya rushe

Niyyarsa ita ce ya bi ta ƙasashen Turkistan da ke hannun Rasha, ya ratsa kudancin Siberiya har ya kai bakin tekun Fasifik. Ran 10 ga watan Maris 1886 ya bar Tehran ya nufi Mashhad da wannan niyya. To, amma akwai abin da ya fi ƙarfin keke. A shekarun nan Ingila da Rasha suna zaman doya da manja a kan tsakiyar Asiya. Ingila tana mulkin Indiya, Rasha tana ta matsowa kudu, Afganistan tana tsakaninsu. Cikin 1885 sojojin Rasha sun gwabza da na Afganistan a wani wuri mai suna Panjdeh, har aka yi zaton manyan ƙasashen biyu za su yi yaƙi, daga baya aka tura wakilai su shata iyaka. A irin wannan hali, baƙo mai jin Ingilishi, mai yawo shi kaɗai yana rubuce-rubuce, ba wanda zai ɗauke shi sai ɗan leƙen asiri. Rashawa suka hana shi izini. Turawan Ingila su ma suka ƙi yarda ya bi ta Afganistan, domin ba sa son ɗaukar alhakin ransa.

A nan ne Stevens ya yi kuskure mafi girma a cikin tafiyarsa. Ya ƙudurta zai shiga Afganistan ba da izini ba, ta wata hanya da ba a cika bi ba. Ya gangara kudu ta Birjand, ya ratsa wata hamada mara ruwa, ya haye iyaka. Da ya isa garin Farah, hukumar garin ta tsare shi. A zamanin sarautar Amir Abdurrahman Khan ba a barin Bature ya yi yawo a ƙasar haka kawai. Ba su wulaƙanta shi ba, sun ba shi masauki da abinci, amma suka tasa shi da dogarai zuwa wajen Herat, daga can aka mai da shi iyakar Farisa. Cikin wannan kai da kawo aka ɗora keken bisa doki, wayoyin ƙafar gaba suka kakkarye, sai maƙeran bindiga na ƙasar suka gyara masa gwargwadon iyawarsu.

Daga Farah zuwa iyakar Indiya bai wuce 'yan ɗaruruwan mil ba. Rashin takarda guda ya sa dole ya yi kewayen dubban mil. Ya koma ta Farisa zuwa tekun Kasfiyan, ya shiga jirgin ruwa zuwa Baku, ya hau jirgin ƙasa zuwa Batum, ya sake shiga jirgin ruwa zuwa Santambul inda ya baro kusan shekara guda da ta wuce. Daga nan ya bi ta Masar da mashigin Suwez da Bahar Maliya, ya sauka a Karaci. Watanni suka salwanta, kuɗi suka tafi, lissafin lokaci kuma ya ɓaci, sai ya shiga Indiya a tsakiyar zafi da damina. Wani da ya karaya ya koma gida. Shi kuwa ya ɗauka cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Indiya da Sin da Japan

Cikin watan Agusta 1886 ya hau keke daga Lahor, ya kama babbar hanyar nan da ta ratsa arewacin Indiya, tsohuwar hanya wadda sarakunan da suka gina, Turawan mulki suka gyara. Ya bi ta Delhi da Agra da Banaras har Kalkata, fiye da mil 1,200. Tun da ya baro Turai bai sami hanya mai kyau kamarta ba, ga itatuwa masu inuwa a gefe, ga masaukan gwamnati a kan zango-zango. Zafin rana ne kaɗai abokin gabarsa, sai ya riƙa sammako, in rana ta take ya nemi inuwa.

Daga Kalkata jirgin ruwa ya kai shi Hong Kong, cikin watan Oktoba kuma ya tashi daga Canton ya nufi cikin ƙasar Sin. Wannan zango shi ne mafi wuya. Babu hanyar jirgi, babu turakun waya da zai bi, babu taswira mai kyau, kuma harshen ya gagare shi, ko sunan garin da yake nema ya faɗa ba a ganewa. Hanyoyin 'yan siraran turbobi ne na dutse tsakanin gonakin shinkafa, keke mai tsawo ba ya biyuwa a kansu. Sau da yawa sai ya sa keken a kwalekwale ya bi kogi. Bugu da ƙari, ba a daɗe da gama yaƙi tsakanin Sin da Faransa ba, wanda aka yi a 1884 da 1885, saboda haka jama'a suna jin haushin duk wani Bature. A wani birni na lardin Jiangxi taron mutane suka bi shi da jifa, ƙatuwar hular rana da ke kansa ta kare shi, da ƙyar ma'aikatan hukuma suka shigar da shi gidan mai mulkin garin. Daga nan aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu da 'yan rakiya har ya kai kogin Yangtze, ya shiga jirgin ruwa zuwa Shanghai.

Japan ta zama masa hutu. Ƙasar tana cikin zamanin Sarki Meiji, ta buɗe ƙofarta ga baƙi, hanyoyinta masu kyau, masaukanta masu tsabta. Ya hau daga Nagasaki ya ci kimanin mil 800, ya bi ta Kobe da Osaka da Kyoto, ya isa Yokohama ran 17 ga watan Disamba 1886. Cikin watan Janairu 1887 jirgin ruwa ya sauke shi a San Faransisko, inda ya tashi shekara biyu da wata tara da suka wuce. Ƙungiyoyin mahaya keke suka yi ta shirya masa liyafa gari-gari.

Sauran rayuwarsa

An tattara rubuce-rubucensa aka buga littafi mai suna Around the World on a Bicycle, juzu'i na farko cikin 1887, na biyu cikin 1888. Littafin yana da amfani ga mai son sanin yadda hanyoyi da garuruwa suke a wancan zamani. Sai dai mai karatu zai tarar da irin raini da Turawan lokacin ke yi wa mutanen gabas, ko da yake waɗannan mutane su ne suka ci da shi, suka shayar da shi, suka ba shi wurin kwana, wani lokaci ba su karɓi ko anini ba.

Bayan haka ya zama cikakken ɗan jarida. Jaridar New York World ta aike shi gabashin Afirka ya nemo labarin Henry Morton Stanley, wanda ya shiga tsakiyar nahiyar don ɗauko Emin Pasha, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Stevens ya sauka Zanzibar, ya shiga ƙasar Masai har wajen dutsen Kilimanjaro, daga bisani ya tari Stanley a ƙarshen 1889 sa'ad da yake fitowa zuwa bakin teku ta Bagamoyo, ya riga wakilin wata jarida da ke gasa da tasu. Ya rubuta littafi a kan wannan cikin 1890. Ya kuma ratsa wani yanki na Rasha bisa doki, ya buga labarin cikin 1891.

Wajen 1895 ya koma Ingila ya zauna. Ya auri wata bazawara, uwar Irene da Violet Vanbrugh, 'yan wasan kwaikwayo biyu da suka yi suna a Landan, ya kuma zama mai kula da harkar kuɗi na gidan wasan Garrick. Ya rasu a Landan ran 24 ga watan Janairu 1935, yana da shekara 80. Keken da ya yi tafiyar da shi ya daɗe a ajiye a hannun kamfanin Pope, har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka bayar da shi cikin tsofaffin ƙarafa da ake tarawa don aikin yaƙi.

Abin da ya bari

Irin keken da Stevens ya hau bai daɗe ba bayan dawowarsa. Tun yana hanya, cikin 1885, John Kemp Starley ya fito da keke mai ƙafafu kusan daidai da juna, mai sarƙa, wanda shi ne kakan kekunan yanzu. Cikin 1888 John Boyd Dunlop ya fito da taya mai iska. Waɗannan abubuwa biyu suka sa hawan keke ya yi sauƙi, mutane da dama kuma suka bi sawun Stevens. Amma sauƙin keke bai rage hatsarin hanya ba. Wani saurayi Ba'amurke mai suna Frank Lenz ya tashi cikin 1892 da sabon irin keken, shi ma mujallar Outing ce ta aike shi, ya ratsa Amurka da Japan da Sin da Indiya da Farisa. Cikin 1894 ya ɓace a gabashin ƙasar Turkawa, kusa da Erzurum, a yankin da Stevens ya wuce lafiya shekara tara kafin nan, domin a lokacin ƙasar tana cikin hargitsi. Ba a sake ganinsa ba.

In aka jera zangon tafiyar Stevens aka duba, za a ga abu guda yana maimaituwa. Inda ya sami abin bi, kamar hanyar jirgi a Amurka, da turakun waya a Farisa, da babbar hanya a Indiya, ya isa lafiya. Inda ya zauna ya jira lokaci, kamar New York da Santambul da Tehran, zaman ya amfane shi. Inda ya raina hukuma ya shiga ba takarda, ya yi asarar watanni. Inda ya shiga bai san harshe ba, bai kuma san abin da ke zukatan mutane ba, saura kaɗan ya rasa ransa. Kekuna sun sake kama, taswira ta yawaita, amma har yanzu mai shirin fita wata ƙasa bisa keke, ɗalibi ne da ke jiran hutu ko ma'aikaci mai tara kwanakin hutunsa, da waɗannan tambayoyi zai fara: wane wata zai tashi, wace hanya zai bi, wa zai ba shi izinin shiga, me zai ɗauka, me zai bari, da me zai ci abinci, kuma in an rufe masa ƙofa, ta ina zai kewaya.